Hannuwa nawa kira yake bi kafin waya ta yi ƙara?

Wata Laraba da hantsi Goggo ta aiko jikanta ya kira ni. Na same ta a ƙofar ɗaki kan tabarma, waya a cinya, ranta a ɓace. Ɗanta da ke zaune a Kusiri ya kwana uku yana nemanta bai samu ba, har ya kira maƙwabciya ya ce don Allah a leƙa a ga ko lafiya.

"Ɗan nan, duba mini wannan abin," in ji ta. "Ga sanduna a cike, ga caji, ga kiredi, amma yayanka ya ce kullum a kashe take. Ni ko ban taɓa ta ba."

Ta riga ta ƙudura a kai wa mai gyara a babbar kasuwar Garwa, in bai iya ba a sayo wata. Wayar ba ta je kasuwa ba, don babu abin da ya lalace a cikinta.

A nan arewacin Kamaru duk wata matsalar kira sunanta ɗaya, "ba rezo". 'Yan'uwa a Najeriya su ce "ba sabis". Kalmar takan rufe cututtuka da dama waɗanda ba su da dangi, kuma rashin rarrabe su yana ci mana kuɗi a teburin mai gyara. Yana taɓa zumunci ma. Na ga miji ya zargi matarsa da kashe waya, na ga mai bin bashi ya rantse ana guje masa, alhali mutumin yana zaune da wayarsa a kunne a aljihu. Kira yana bi ta hannuwa da yawa kafin ya isa, sandunan da ke saman allo kuwa labarin hannun farko kaɗai suke bayarwa.

Mu fara da wayar da ke ajiye, ba a kira, ba a amsawa. Ba barci take yi ba. Cikin sim akwai wata lamba mai alƙaluma har 15, daban da lambar da kake ba mutane, da kuma mabuɗin sirri wanda kamfani ke gane layinsa da shi. Da ka kunna waya sai ta saurari eriyar kamfani, irin ta saman dogon ƙarfe, da ta fi ji, ta gabatar da kanta, kamar baƙon da ya sauka a unguwa ya je ya gaida jauro, wato mai unguwa. Eriya ta kai labari babban kundin kamfani, a tabbatar layin nasu ne, a rubuta yankin da yake. Ka tashi daga Garwa ka nufi Figil, kana shiga sabon yanki wayar za ta sake sanar da masaukinta ba tare da ka sani ba. Ko ba ka motsa ba, lokaci-lokaci tana yin haka. Idan ka kashe ta da maɓalli, sai ta yi sallama kafin ta mutu, kundi ya rubuta cewa ba ta nan. Idan kuwa batir aka cire, ko ka shiga inda eriya ba ta kaiwa, babu sallama, kundi zai ci gaba da ɗauka kana nan zuwa wani lokaci. Wannan ɗan bambanci zai yi mana amfani nan gaba.

To, ka danna kore. Wayarka ta roƙi eriya ƙaramar kafa ta yin magana da cibiyar haɗa kira. Cibiya ta tantance sim ɗinka, ta duba ko kana da kiredi ko forfe, wato ƙunshin mintunan kira da ka saya, sannan ta karanta lambar da ka buga. Tun watan Nuwamba na 2014 lambobin Kamaru suka koma alƙaluma 9, aka ƙara 6 a gaban na salula. Mun saba cewa mai farawa da 67 na MTN ne, mai 69 na Orange, kodayake tun 2017 doka ta ba mutum damar sauya kamfani da lambarsa, don haka cibiya ba ta dogara da farkon lamba kawai. Idan layin na wani kamfani ne, sai a miƙa kiran ta mahaɗar da ke tsakaninsu. Can ɗin ma a buɗe kundi a ga yankin da mutumin yake. Kundi yanki ya sani, bai san takamaiman eriya ba, saboda haka sai a yi cigiya: duk eriyoyin yankin su yi shelar lambar sirrin wayarsa. Wayar ta ji, ta amsa, a ba ta gurbi, ta fara ƙara. Sai a lokacin kai kuma ka ji ƙara a kunnenka, kuma wannan ƙarar cibiya ce ke yi maka ita, ba sautin wayarsa kake ji ba. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Shirun nan da ke tsakanin danna kore da jin ƙara, shi ne abin da nake so mutane su koyi saurara. Idan kana dannawa nan take muryar nan ta ce ba a samun mai lambar, kundi ya riga ya san ba ya nan: ko ya kashe wayar da kansa, ko ya daɗe a inda babu rezo. Idan aka yi shiru mai tsawo, daƙiƙa goma ko fiye, sannan muryar ta zo, cigiya aka yi ba a samu amsa ba. Mai wannan wayar mai yiwuwa bai kashe komai ba. Idan kuma kiran ya faɗi tun bai tashi ba, babu murya babu ƙara, matsalar a ɓangarenka take, tsakaninka da eriyarka.

Akwai wani dalili na cigiyar da ba a amsawa wanda kusan kowa a nan yake ɗauke da shi a aljihu. Tecno da Itel da Infinix ɗinmu masu sim biyu ne, kuma akasarinsu na'urar rediyo ɗaya layukan biyu suke rabawa. Muddin kana magana a layin farko, na biyu kurma ne. Wanda ya neme ka a kansa ba za a ce masa kana kan layi ba, cewa za a yi ba a samunka. Ɗan kasuwar da ke wuni yana ciniki a layi ɗaya, iyalinsa suna nemansa a ɗayan, zai sha zargin da bai ji ba bai gani ba.

Sai batun sanduna. Sanduna suna auna yadda wayarka ke jin eriya, ba yadda eriya ke jin wayarka ba. Eriya tana saman dogon ƙarfe, tana magana da ƙarfin wat gommai. Wayar hannu a tsarin 2G ba ta wuce wat 2, a wani zangon igiyar rediyo ma wat 1. Kamar mai shela ne da lasifika a kan mota: kana jin sa daga nesa, amma in ka amsa da bakinka ba zai ji ka ba. Shi ya sa a ƙauye za ka ga sanda biyu ko uku, kira kuma ya ƙi tashi, ko kai kana jin mutum sarai shi yana ta "alo, alo". Shi ya sa kuma batir ke saurin ƙarewa a daji, don wayar tana ɗaga murya iya ƙarfinta.

A ƙa'idar GSM ta asali, wato tsarin 2G, eriya ba ta hidimar wayar da ta wuce nisan kilomita 35, kuma wannan a fili ne fetal. A zahiri tudu da gini sukan rage shi ƙwarai. Zangon 900 yana tafiya nesa, yana ratsa bango. Na 1800 da 2100 sun fi ɗaukar kaya amma ba su da nisa. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe da bangon siminti suna tare igiyar rediyo, ɗakin ciyawa kuwa kusan ba ya tare komai. Mai shago a tsakiyar kasuwa, kwano sama kwano gefe, in ya fito bakin layi kiransa zai gyaru. A duwatsun Mandara, wajen Mokolo, ƙauye biyu na iya zama kusa da juna, ɗaya yana kallon eriya ɗaya yana bayan dutse. Mutanen irin waɗannan wurare sun san tudun da ake hawa da bishiyar da ake rataye waya, kuma iliminsu daidai yake da na injiniya.

A kan hanya kuma eriya ce ke miƙa ka ga 'yar'uwarta kana cikin magana. Wayar tana auna maƙwabtan eriyoyi tana ba da rahoto, cibiya ta ce koma waccan. In wadda za ta karɓe ka ba ta nan, ko ta cika, kira ya yanke. Direbobin hanyar Mora zuwa Kusiri ta Waza sun haddace wuraren da hakan ke faruwa, har sukan ce bari in kira ka in na wuce.

Cikar eriya ita ce cutar ranar Salla. Tsarin GSM, wanda aka fara kira da shi a ƙasar Finlan a 1991, yana raba kowace tashar rediyo gida 8, kowane kira ya ɗauki gurbi ɗaya, ana kuma ware wasu gurabu don saƙonnin tsarin kansa. Fuskar eriya mai tasha huɗu tana ɗaukar kira kusan 30 a lokaci guda. Talatin kacal. A ranar da ba kowa wannan ya isa, don ba duka mutane ke magana a tare ba. Amma ka tuna kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ko filin idi bayan an sallame, ko bayan shan ruwa da azumi lokacin da kowa ke gaida gida. Kujerun mota sun cika, sanduna kuwa suna nan cif, domin eriya tana da ƙarfi, wuri ne babu. Kamfanoni suna da dabarar raba gurbi ɗaya ga mutum biyu, sai adadin ya ninka amma murya ta shaƙe kamar ana magana cikin tulu. A irin wannan lokaci maimaita kira sau ashirin ƙara cunkoso yake yi. Gajeren saƙo ya fi saurin wucewa, don ba ya buƙatar gurbin murya, kuma in bai samu hanya ba yana jira a cibiya har ta buɗe.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke bayan eriya, wanda ba ma gani. Eriya ita kaɗai ba ta haɗa kowa da kowa. Ko maƙwabcinka na bayan katanga ka kira, maganar na iya zuwa cibiyar da ke nesa da ɗaruruwan kilomita ta dawo. Hanya biyu ce take bi. Akwai farantan nan masu kama da ganga da ke manne a jikin ƙarfen, suna harba saƙo daga wannan eriya zuwa waccan. Dole su riƙa kallon juna, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana raunana su, iska na iya karkata su. Sau da yawa eriyoyin ƙauyuka a jere suke kamar carbi, in ta tsakiya ta mutu duk na bayanta sun mutu. Sannan akwai wayar gilashi da aka binne a gefen manyan hanyoyi, wadda babban layinta na ƙasa yake hannun Camtel, kamfanin sadarwa na gwamnati, sauran kamfanoni suna haya. Ita ce ke haɗa Marwa da Garwa da Ngaundare da kudu, har zuwa gaɓar teku inda wayoyin ƙarƙashin ruwa suka sauka a Duwala da Limbe da Kiribi. Chadi ba ta da teku, don haka wani kaso na sadarwarta ta nan Kamaru yake bi. Katafilar aikin hanya ɗaya in ta tsinke wannan zare, jiha guda na iya wuni cikin wahala. Alamarta ita ce ka ga layukan kamfani fiye da ɗaya sun rikice a tare, intanet da kira da tura kuɗi duk sun tsaya, sanduna kuwa ba su ragu ba.

Wuta ma haka. Arewa ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda aka kammala a 1982. In ruwa ya ja baya da rani, wuta sai a yi ta rabo. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage nauyin, amma eriya tana buƙatar wuta dare da rana. Kowace tana da batura, da yawa suna da janareta, wasu da faifan sola. Idan ka lura rezo yana ɗaukewa awa biyu ko uku bayan an ɗauke wuta, kuma yana dawowa in ta dawo, baturan eriyar unguwarku ne suka gaji ko man janareta ya ƙare. A sassan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone da Shari, inda rashin tsaro ya addabi jama'a tun wajen 2014, kai mai da ma'aikata wurin eriya kansa aiki ne mai haɗari. Babu mai gyaran waya a duniya da zai magance wannan daga teburinsa.

Matsalar Goggo ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ce. Kamfanin Nexttel ya shigo da 3G a 2014, MTN da Orange suka samu izinin 3G da 4G a 2015, daga nan wayoyinmu suka zama masu hawa uku. Shi 4G an gina shi ne don intanet kawai. Ba ya ɗaukar kiran murya sai in kamfani da wayar duka suna da tsarin da ake kira VoLTE. In babu, idan kira ya zo, rezo yakan ce wa waya ta sauko 3G ko 2G ta amsa, in an gama ta koma sama. Kowa ya taɓa ganin alamar 4G ta koma H ko E, wato 3G ko 2G, yana cikin magana. To jikan Goggo, don bidiyonsa ya daina tsayawa, ya shiga saiti ya kulle wayar a kan 4G kaɗai. Intanet yana gudu, sanduna a cike, amma in an yi cigiya wayar ba ta da matakalar sauka. Na mayar da saitin kan zaɓin da ke haɗa 2G da 3G da 4G, na kira ta da tawa, ta yi ƙara. Ta kira Kusiri nan take, na bar su suna gaisawa.

Wannan ne kuma ya sa kiran WhatsApp ke shiga wani lokaci alhali na layi ya ƙi, wani lokaci kuma akasin haka. Hanyoyinsu daban ne. Kiran layi ana ware masa gurbi nasa har a gama. Na WhatsApp ana yanyanka murya ƙanana-ƙanana a tura ta intanet tare da kayan kowa, in hanya ta cushe wasu su makara wasu su ɓace, sai ka ji magana tana tsinkewa ko tana zuwa a makare. Inda alamar E kaɗai ke fitowa, kiran layi ya fi.

Mutanen bakin iyaka suna da tasu. Igiyar rediyo ba ta tsayawa a gadar Ngeli da ke haɗa Kusiri da Njamena, kuma tana gudu sosai a kan ruwa. Mutum yana zaune a Kusiri, wayarsa na iya kama eriyar Airtel ko Moov daga Njamena ta ƙetaren kogi. Haka a Fotokol da Amcide wayar kan kama ta Najeriya. In layinka yana da izinin yawo a ƙetare, sai a caje ka kuɗin baƙo kana cikin ɗakinka, kiredi ya narke. In ba shi da shi, wayar ta yi ta kai da kawo tsakanin eriyoyi, kira yana wuce ta. Maganin yana cikin saiti: a cire zaɓen rezo na kai tsaye, a zaɓi kamfanin da hannu. Kuma duk mai hulɗa da ƙetare ya ajiye lambobinsa da cikakkiyar shaidar ƙasa, +237 na Kamaru, +235 na Chadi, +234 na Najeriya tare da cire sifilin farko. Lambar da aka ajiye haka tana tafiya ko daga wane gefen kogi aka buga ta.

Idan kira ya ƙi, kafin ka cire ko dala, tambayi na kusa da kai mai layi irin naka. In shi ma haka, ajiye wayarka, ba ita ba ce. In nasa yana tafiya, sa wayar a yanayin jirgin sama na rabin minti ka cire, wannan yana tilasta mata sake gabatar da kanta ga kundi. Bai yi ba, cire sim ɗinka ka sa a wata wayar, ka sa wani sim a taka. Wannan musayar ita ce gwajin da ya fi kowane, kuma kyauta ne: in ciwon ya bi sim, na layi ne, in ya zauna a waya, na waya ne. Mai gyara na kirki da shi yake farawa, kuma ina ganin wanda ya buɗe waya da sukundireba bai yi wannan ba bai kyauta wa mai ita ba.

Ciwon da ya bi sim, ofishin kamfani ne maganinsa. Layin da ake kiransa amma shi ba ya kira, alhali da kiredi, sau da yawa batun rajista ne, musamman in katin ɗan ƙasan da aka yi rajistar da shi ya ƙare. In allo ya rubuta cewa kiran gaggawa kaɗai ake iya yi, wayar tana jin eriyar wani kamfani ne, ba ta jin ta naka, ko kuma naka ya ƙi karɓar sim ɗin. Idan kai kana kira amma ba a samunka, buga ##002#, yana soke duk wata karkatar da kira da aka sa bisa kuskure. In mutum ɗaya ne tak ba ya samunka, kullum yana jin kamar kana kan layi, duba jerin lambobin da aka toshe, yara kan jefa lamba ciki ba su sani ba. Duba kuma ko alamar jinjirin wata ta "kada a dame ni" tana kunne. Wanda ake cewa ba a jin muryarsa sai ya sa lasifika, ya duba ɗan ramin makirfo a gindin wayar. Ƙurar hunturu tana toshe shi, busasshen buroshin haƙori ya isa, kada a sa allura.

Abin da ya rage bayan duk wannan, haƙƙin kamfani ne, kuma ba alfarma ba ce. A watan Afrilu na 2023 masu waya a Kamaru suka yi gangamin sa wayoyinsu a yanayin jirgin sama da tsakar rana, don nuna fushi kan tsada da rashin ingancin sadarwa. A watan Mayu na shekarar hukumar ART, mai sa ido kan sadarwa tun 1998, ta ci kamfanonin huɗu, MTN da Orange da Nexttel da Camtel, tarar da ta kai sefa biliyan 6 a haɗe. Koke yana da tasiri, amma "ba rezo" ba koke ba ne da injiniya zai iya aiki da shi. Wanda zai kai ƙara ya faɗi unguwa, da rana, da awa, ya faɗi ko kira ne ba ya tashi ko yankewa yake yi, ko yana bin ɗaukewar wuta, ko layin wane kamfani yake nema. In mutum goma na unguwa ɗaya suka kai bayani iri ɗaya, an san eriyar da za a je a duba. A karɓi lambar koken a ajiye, don in kamfani bai yi komai ba, da ita za a tafi wurin ART.